Teburin da Ya Fi Gilashi Faɗi: Tarihin Auna Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya sayi kwamfuta a wannan zamani, ya jona ta da wuta, ya danna maɓalli, ya ga rubutu da hotuna sun zauna daram a kan gilashin fuskarta, babu abin da ya zarce ta gefe, babu abin da ya nutse ta ƙasa, da wuya ya kawo a ransa cewa wannan daidaituwa aba ce da masana suka yi shekaru suna fama kafin ta samu, har ma an yi zamanin da mai kwamfuta, idan yana son hoto ya fita sosai, sai ya zauna da takarda da alƙalami ya yi hisabi, yana yi kuwa gabansa na faɗuwa, domin kuskuren lamba ɗaya yana iya ƙona masa na'urar da ya daɗe yana tara kuɗinta. Mas'alar tana da ma'auni biyu waɗanda jama'a suka saba cakuɗawa. Na ɗaya shi ne adadin ɗigon da gilashi ke iya nunawa a lokaci guda, a kwance da a tsaye. Na biyu shi ne faɗin filin aikin da kwamfuta ke riƙe da shi cikin ma'ajiyarta, wanda ake kira teburi, inda ake baza tagogi da takardu. Babu wata ƙa'ida da ta wajabta wa biyun nan su zo daidai, kuma daga saɓanin da ke tsakaninsu ne al'adar faffaɗan teburi ta samo asali.

Tushen al'amarin yana komawa ga wata kwalbar gilashi da malamin kimiyya Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ya ƙera a birnin Strasbourg cikin shekarar 1897, wadda daga wuyanta ake harba siririn harshen lantarki ya faɗa kan sinadarin da aka shafe cikin fuskarta da shi, duk inda ya taɓa wurin ya yi haske. Harshen nan yakan taso daga hagu ya share zuwa dama, ya mutu, ya komo hagu ya sauka kaɗan, ya sake sharewa, layi bayan layi har ƙasa, sa'an nan ya hau sama ya faro, da saurin da ido ba ya iya rabewa. A kan wannan aka gina talabijin. Amurka ta tsayar da layi 525 a 1941, ƙasashen Turai daga baya suka zaɓi 625, wanda shi ne tsarin da Nijeriya da Nijar suka bi. Siffar gilashin kuwa, kashi 4 a kwance da kashi 3 a tsaye, an gaje ta ne daga fim ɗin da William Dickson ya tsara a ma'aikatar Edison tun cikin shekarun 1890. Abin lura a nan, wanda sauran bayani zai rataya a kansa, shi ne cewa kwalba ba ta da wani adadin ɗigo da aka yanka mata. Ɗigo a wurinta ɗan taƙin lokaci ne da aka kunna harshen ko aka kashe shi. Wanda ya gaggauta kunnawa da kashewa ya sami ɗigo da yawa a layi, wanda ya sassauta ya sami kaɗan. Saboda haka kwalba ɗaya tana iya karɓar ƙididdiga iri iri, muddin ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba.

Da aka fara haɗa irin wannan gilashi da kwamfuta, ba a damu da ɗigo ba, haruffa ake ƙirgawa. Layi ɗaya harafi 80 ne, ba don wata hikima ta ido ba, sai don katin da kamfanin IBM ya fito da shi a 1928, wanda ake hudawa a shigar da bayani, gurbi 80 gare shi; kati ya tafi, adadinsa ya zauna, har na'urar VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978 ta zama abin koyi, harafi 80 take nunawa cikin layi 24. Siffar kowane harafi an riga an dasa ta cikin na'urar tun daga ma'aikata, kuma a cikin alamomi 256 da kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da su babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle a yi zancen ajami, shi ya sa marubucin Hausa na wancan lokaci sai dai ya buga harafin ba lanƙwasa, in ya fitar da takarda ya bi da biro yana ƙarasawa. Amma tun kafin wannan, a 1963, wani ɗalibi mai neman digirin dakta a jami'ar MIT, Ivan Sutherland, ya riga ya nuna a cikin manhajarsa ta zane mai suna Sketchpad cewa ana iya ɗaukar gilashi a matsayin taga kawai, a bar takardar zanen ta fi shi girma nesa ba kusa ba, a riƙa matsar da tagar ana kusantowa ana nisantawa. Duk wanda ya zo bayansa a wannan fanni, ko ya sani ko bai sani ba, almajirinsa ne.

Juyin da ya mai da ɗigo abin ƙirgawa ya faru ne a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda a 1973 aka ƙera kwamfutar Alto, wadda aka tsayar da gilashinta a tsaye domin ya yi kama da shafin takarda, aka ba shi ɗigo 606 a kwance da 808 a tsaye, kowane ɗigo kuma aka ware masa gurbinsa a cikin ma'ajiya, baƙi ko fari. Da haka aka sami 'yancin zana kowane irin harafi da kowace irin sura, amma da tsada mai yawa, gama hoton shi kaɗai yana cinye kusan rabin ma'ajiyar na'urar. Tun daga ranar ƙididdigar ɗigo ta zama mas'alar kuɗi. Xerox Star ta 1981 ta kawo siffar teburin ofis da takardu da manyan fayiloli a kansa. Macintosh ta 1984 ta kai wannan siffa gidajen mutane, da ɗan gilashi mai inci 9 da ɗigo 512 sau 342, wanda aka auna shi yadda ɗigo 72 za su cika inci ɗaya, daidai da ma'aunin da maɗaba'a ke auna haruffa da shi, domin abin da aka gani a gilashi ya fito da girmansa a takarda. Teburi dai an ba mutum, amma teburin da bai kai rabin shafi ba.

A ɓangaren IBM kuwa hawa aka yi mataki mataki, kowane mataki da sunansa. Katin hoto na CGA a 1981 yana ba da ɗigo 320 sau 200 da launi huɗu. EGA a 1984 ya kai 640 sau 350 da launi 16. VGA a 1987 ya kai 640 sau 480, kuma a nan ne faɗin ɗigo da tsayinsa suka zo ɗaya, da'ira ta fito da'ira ba tare da an yi mata gyara ba. Lissafinsa a fili yake: 640 sau 480 ɗigo 307,200 ne, a launi 16 kowane ɗigo rabin bayit yake ci, jimla 153,600, wanda ya shiga cikin kilobayit 256 da katin yake da shi har da saura. Bayan VGA sai kowane kamfani ya kama gabansa, kowa da tasa hanyar kaiwa 800 sau 600, manhajar da ta yi aiki da katin wane ta ƙi na wane, har masu ƙera kayan suka ga ba su da mafita sai ijma'i, suka kafa ƙungiyar VESA a ƙarshen shekarun 1980 domin tsayar da ƙa'idoji. IBM kuma ta fito da XGA mai 1024 sau 768 a 1990. Wanda ya ga lambar 1152 sau 900 da kwamfutocin kamfanin Sun suka shahara da ita, ya yi mamakin rashin kan gadonta, ya ninka ya gani: 1,036,800 ne, wato dab da cika gurbi 1,048,576 ba tare da an tsallake ba. Ma'ajiya ce ke yanka wa gilashi riga.

To, a farkon shekarun 1990 sai lamarin ya juya, ma'ajiya ta fara araha fiye da gilashi. Mutum yana iya mallakar katin hoto mai megabayit ɗaya, alhali monitarsa mai inci 14 ba ta nuna abin kirki in an wuce 800 sau 600, wanda a launi 256 bayit 480,000 kawai yake ci, fiye da rabin ma'ajiyar yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. A daidai wannan lokaci ne tsarin tagogi na X, wanda Bob Scheifler da Jim Gettys suka faro a MIT a 1984, siga ta 11 ta fito a 1987, ya sauko daga manyan na'urorin jami'o'i zuwa ƙananan kwamfutocin gida, ta hanyar aikin Thomas Roell na 1991 da kuma XFree86 da ya biyo baya a 1992, ya haɗu da Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Manhajojin X kuwa an rubuta su ne da zaton babban gilashi irin na Sun, taga ɗaya sai ta cika ƙaramar monita ta yi saura. Larura ta haɗu da rara, aka ce to, a zana babban teburi a cikin ma'ajiyar da ke zaune banza, gilashi ya riƙa nuna yankin da ya iya.

Yadda ake tsara wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai wani fayil mai suna XF86Config, wanda mai kwamfuta ke buɗewa ya gyara da hannunsa, kuma can wajen ƙarshensa akwai layuka biyu maƙwabtan juna. Na farko, Modes, a nan ake jera ƙididdigar da ake so gilashi ya nuna, misali 800x600 da 640x480. Na biyu, Virtual, a nan ake rubuta faɗin teburi da tsayinsa, misali 1152 da 900. In an adana an tayar da X, sai mutum ya ga kusurwa ɗaya ta teburinsa. Ya ja linzami, kibiya ta tafi dama har ta dunguri bakin gilashi, maimakon ta tsaya sai dukan hoton ya fara zamewa hagu, tagogin da ke ɓoye su fara shigowa, har a kai iyakar ɗigo na 1152 sa'an nan ta cije. Kamar mai aikin babbar riga ne, wanda rigar duka ke tare a cinyarsa, amma gwargwadon tafin hannu kaɗai yake shimfiɗawa gaban idonsa, in ya gama ya jawo na gaba. Zamewar kuwa ba ta da nauyi ko kaɗan, domin ba a sake zana komai, katin kawai ake gaya wa daga wane gurbi na ma'ajiya zai fara karantawa. Idan aka danne Ctrl da Alt tare da alamar tarawa ko ta ɗebewa da ke gefen dama na allon maɓallai, sai gilashi ya yi ƙyas, ya ɗauke, ya dawo da ƙididdiga ta gaba a jerin, teburi kuwa yana nan yadda yake. Masu raunin gani da masu gyaran zane sun mai da wannan tabaraunsu. Amma da yake X, in ba a rubuta Virtual ba, yakan ɗauki mafi girman abin da ke cikin Modes ya mai da shi faɗin teburi, sababbin shiga da yawa sun tsinci kansu cikin teburin da ke gudu a ƙarƙashin hannunsu ba su nema ba, suka ɗauka na'urar ce ta lalace, kuma tambayar yadda za a kashe wannan abu tana cikin tambayoyin da tsofaffin hannu suka gaji da amsawa.

Wannan ma mai sauƙi ne in aka gwada shi da layin da ake kira Modeline, inda ake bayyana wa katin, da lambobi tsirara, yadda zai tafiyar da harshen lantarki. Ga na VGA, wanda kusan kowace monita ta yarda da shi: 25.175, sa'an nan 640 656 752 800, sa'an nan 480 490 492 525. Lambar farko agogo ce, bugu 25,175,000 a daƙiƙa, kowane bugu ɗigo ɗaya. A kowane layi, bugu 640 na farko su ne hoto. Daga nan a yi duhu na bugu 16. Daga 656 zuwa 752 a aika wa monita ishara cewa ta komar da harshe hagu. A jira har 800 kafin a fara sabon layi. Haka nan a tsaye: layi 480 na hoto, ishara a 490 zuwa 492, jimla 525. Ninka 800 da 525 ka sami 420,000, raba bugun agogo da shi, ka ga ana sabunta hoton sau 59.94 a daƙiƙa. Wanda ya san tarihin talabijin zai gane fuskokin nan biyu: 525 shi ne layukan Amurka na 1941, 59.94 kuwa shi ne abin da 60 ya koma a 1953 da aka shigar da launi, 60 ɗin ma daga bugun wutar lantarkin gidajen Amurka aka ɗauko shi. Isnadin hoton kwamfuta ke nan, ba yankewa, har zuwa injin ba da wuta.

Haɗarin yana wajen saurin layi. VGA layi 31,469 take sharewa a daƙiƙa, kuma tsofaffin monitoci masu gudu ɗaya, in aka tilasta musu abin da ya zarce nasu, ba su san su ƙi ba, sai su yi ta ƙoƙari, hoto ya karkace, wani siririn kuka ya taso daga bayansu, kayan cikinsu su yi zafi har su ƙone. Don haka aka wajabta wa mutum ya kwafo iyakokin monitarsa daga littafinta ya rubuta a layukan HorizSync da VertRefresh, wanda kuwa ya sayi tasa a hannu, ba littafi, sai ya yi ƙiyasi da wata mai kama da ita, ya yi addu'a. Masu ƙarfin hali sukan tsawaita lissafi su matso wa monita 'yan ɗigo fiye da abin da aka rubuta mata, ko su ɗaga sabuntawa zuwa 72 ko 75 domin su huta da ƙyaftawar da ke sa ciwon kai. Eric Raymond ya kula da wata doguwar risala a kan wannan hisabi, manhajar xvidtune kuma ba ta buɗewa sai ta fara yi wa mutum gargaɗi. Sauƙi ya zo ta hanya biyu. Kamfanin NEC ya fito da monitocin MultiSync a tsakiyar shekarun 1980, masu bin gudu iri iri, daga baya kuma monitoci suka koyi ɗauke hoto su rubuta cewa abin ya fi ƙarfinsu. Sa'an nan a 1994 VESA ta tsayar da EDID, wato ɗan bayani mai bayit 128 da ke zaune cikin monita, wanda take karanta wa kwamfuta ta cikin wayar nan mai fil 15: sunana kaza, girmana kaza, ga abin da nake iyawa. Daga nan ijtihadi ya fara fita daga hannun mutum ya koma tsakanin na'ura da na'ura, ko da yake an ɗauki shekaru kafin a daina ganin Modeline a fayilolin mutane.

Duk wannan mazhaba ɗaya ce, ta masu teburi ɗaya mai faɗi. Akwai ta biyu, wadda daga Palo Alto ta fito. A 1986 Austin Henderson da Stuart Card suka wallafa bincikensu a kan tsarin da suka kira Rooms, wato ɗakuna, bayan sun lura cewa mai ƙaramin gilashi yakan ɓata lokaci mai yawa wajen buɗe taga da rufe taga da ture wannan a jawo waccan, har hidimar tagogi ta fi aikin kansa yawa. Suka lura kuma cewa mutum ba ya buƙatar dukan tagoginsa a lokaci guda: in yana rubuta wasiƙa akwai 'yan tagogin da yake zagayawa a cikinsu, in ya koma lissafi sai wasu daban. Wannan kuwa ita ce ainihin illar da masana ma'ajiyar kwamfuta suka riga suka sani tun bayanin Peter Denning na 1968, sai suka ɗauko maganin can suka kawo nan: a tara tagogin kowane aiki a ɗakinsa, a sa ƙofofi tsakanin ɗakuna, a ba mutum damar ɗaukar wata taga a matsayin kaya ya shiga da ita wani ɗaki, ko ya sa ta a aljihu ta bi shi duk inda ya je.

Mutanen X suka karɓi ra'ayoyin biyu suka gauraya. Tom LaStrange, wanda ya rubuta manhajar sarrafa tagogi ta twm a 1987, shi ne ya sa faffaɗan teburi cikin swm na kamfanin Solbourne a 1989, ya biyo da tvtwm a 1990. Robert Nation ya fito da fvwm a 1993, da ɗan akwatinsa a kusurwa mai nuna taswirar teburin duka a ƙanƙance, an yanka shi gida gida, kowace taga ta zama ɗan murabba'i da ake iya ja daga wannan gida zuwa wancan. CDE, wanda manyan kamfanonin Unix suka haɗu a kansa a 1993, ya zo da filin aiki huɗu da maɓallansu a ƙasa, KDE da GNOME suka gaji wannan. Can gefe kuma akwai Amiga ta kamfanin Commodore, wadda tun 1985 take barin kowace manhaja ta buɗe fuskarta da ƙididdigar ɗigonta, mutum ya kama ta sama ya ja ƙasa, ta bayanta ta leƙo, ƙididdiga biyu mabambanta a gilashi ɗaya a lokaci ɗaya, abin da ya gagari manyanta shekaru. A ganina mazhabar ɗakuna ta yi rinjaye ne bisa cancanta. Teburi mai zamewa yana motsi ko an nufa ko ba a nufa ba, kibiya ta ɗan gota kaɗan sai duniya ta gusa, kuma mutum ba ya iya riƙe wurin abu a ransa in wurin ba shi da iyaka bayyananniya. Amma ɗaki na biyu ɗaki na biyu ne kullum, abin da aka bari a kusurwarsa nan za a tarar da shi.

Manyan kamfanonin da suka fi kowa ciniki su ne suka fi kowa jinkiri. Apple bai kawo nasa ɗakunan, wato Spaces, ba sai a 2007, Microsoft kuwa, in aka ɗebe 'yan ƙananan manhajojin gefe, sai da Windows 10 ta fito a 2015. Tsakanin haka har an je gaban alƙali: takardar mallakar ƙirƙira da Xerox ya samu a 1991 a kan ɗakunan nan ta faɗa hannun wani kamfani mai suna IP Innovation, wanda ya kai ƙarar Red Hat da Novell a 2007, aka yi shari'a a garin Marshall na jihar Texas, aka kawo tsohuwar Amiga aka kunna ta a matsayin hujja, a 2010 masu taya alƙali hukunci suka ce mallakar ba ta inganta ba.

Shi kuwa layin Virtual bai mutu ba, ma'anarsa ce ta sauya. Macintosh II tun 1987 ta iya shimfiɗa teburi ɗaya a kan monita biyu, Windows 98 ta bi sahu, X ya sami Xinerama. Amma X yana da wani tsohon aibi, cewa faɗin teburi in an tayar da shi ba ya canzuwa sai an kashe an sake, abin da ba ya yiwuwa ga mai kwamfutar hannu da ke son jona majigi a tsakiyar taro. Jim Gettys da Keith Packard suka gabatar da RandR a 2001 domin magance wannan, ya shiga XFree86 a 2003, aikin ya koma hannun X.Org bayan rabuwar 2004, fayil ya koma xorg.conf, siga ta 1.2 kuma ta ba da damar jona monita da cire ta ana cikin aiki. A nan Virtual ya zama iyakar filin da dukan monitoci za su zauna a ciki. Wasu katunan Intel na lokacin ba sa gaggauta zane mai zurfi in filin ya wuce 2048, ga shi kuwa 1280 da 1024 in an jera su gefe da gefe 2304 ne. Sai mutane suka riƙa gaya wa kwamfuta cewa monita ɗaya tana saman ɗaya, alhali a kan teburin katako suna kafaɗa da kafaɗa, mutum ya tura kibiya sama domin ta ɓullo a dama.

Zuwan gilashi shafaffe na LCD, wanda ya kori kwalba cikin shekarun 2000, ya rushe tushen da aka faro da shi, gama shi ɗigonsa ginannu ne, ƙirgaggu, ba a ƙarawa ba a ragewa, duk wata ƙididdiga da ba tasa ba sai ya miƙe ta ya shafa, haruffa su yi dishi-dishi. Siffa ma ta bi talabijin ta koma 16 da 9, gwargwadon shawarar da Kerns Powers ya kawo a 1984, aka riƙe tsayin 768 aka faɗaɗa shi, 1366 sau 768 ta cika kasuwa. Ga mai kallon fim wannan ci gaba ne. Ga mai karatu da rubutu, wanda ya baro 1280 sau 1024, hasarar layi 256 ce daga tsayin shafinsa, kuma ban ga wanda ya nemi shawararsa ba. Da ƙananan kwamfutocin nan irin Eee PC na kamfanin Asus suka fito a 2007 da ɗigo 800 sau 480, sai ga tsohuwar cuta ta dawo, taga ta buɗe maɓallin amincewa yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, aka koma tono teburi mai zamewa da danne Alt a ja taga sama.

Daga 2010 sai ma'aunan biyu suka yi musayar matsayi. Wayar iPhone 4 ta zo da ɗigo 326 a inci, MacBook Pro na 2012 ya zo da 2880 sau 1800 amma yana shimfiɗa teburi kamar na 1440 sau 900, ɗigo huɗu na gilashi suna hidimar ɗigo ɗaya na teburi, gilashin 3840 sau 2160 kuma, mai ɗigo 8,294,400, ya ninka VGA sau 27. Tsofaffin manhajojin Windows da aka rubuta bisa zaton ɗigo 96 a inci suka koma ƙanana har ba a iya karanta su. Saboda haka, mai karatu, idan haruffa sun yi maka ƙanƙanta a gilashin zamani, kada ka rage ƙididdigar ɗigo kamar yadda ake yi a zamanin kwalba. Bar ta a kan wadda aka rubuta cewa ita ce ta gilashin, ka ɗaga ma'aunin girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Idan kuwa ka jona monita ko majigi ka ga kwamfuta ta ƙi ba ka komai sai 1024 sau 768 ko 640 sau 480, kafin ka kai ta wurin mai gyara fara canza wayar, domin sau da yawa fil ɗin da ke ɗauke da bayanin EDID ne ya lanƙwashe, ko kuwa wayar mai araha ce da ba a sa mata shi ba tun farko.